Tsakanin Reza da Dandali: Ina Asalin Waƙa Yake a Kiɗan Furog?

A daren 23 ga Nuwamba 1973, a zauren Concertgebouw na birnin Amsterdam, ƙungiyar King Crimson ta faɗa cikin wani kiɗa da ba wanda ya tsara shi, ba kuma wanda ya taɓa gwada shi kafin wannan dare. David Cross ya soma jan gogensa a hankali. Robert Fripp ya bi shi da na'urar Mellotron cikin amon sarewa, John Wetton kuma ya shimfiɗa musu jitar bes daga ƙasa. Mai ganga, Bill Bruford, ya gicciya sandunansa a ƙirji yana jiran gurbin da zai shiga. Minti biyar da 'yan kai suka wuce, kiɗan ya sauka, bai taɓa fatar ganga ko sau ɗaya ba. Da aka zo fitar da kiɗan a 1974 da sunan “Trio”, a kundin Starless and Bible Black, sai abokansa suka sa sunansa cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, domin a ganinsu shirun nan aiki ne. Sun kuma share tafin jama'a, suka jera kiɗan a kundin da mai saye zai ɗauka aikin situdiyo ne zalla.

To, “Trio” kiɗan dandali ne ko na situdiyo? Wannan tambaya ce ta sa ni rubuta wannan maƙala, domin ta rushe rabe-raben da aka saba yi wa faya-fayen wannan nau'in kiɗa gida biyu, a ce na dandali shi ne gaskiya, na situdiyo kuwa ƙawa ce da dabara.

Kiɗan da Turawa ke kira progressive rock, wanda masoyansa suka taƙaita zuwa furog, ya tsiro ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Bayan da Beatles suka daina yawon wasa a watan Agustan 1966, suka kulle kansu a situdiyo har suka fito da Sgt. Pepper a 1967, matasan makaɗa suka gane cewa na'urar ɗaukar sauti ita ma kayan kiɗa ce. A 1969 King Crimson suka fitar da kundinsu na farko, sai Yes da Genesis da Emerson, Lake & Palmer suka biyo da nasu salon. Waƙa ta tashi daga minti uku ta koma minti ashirin, wato iyakar abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho za ta ɗauka. Aka aro tsari daga kiɗan gargajiyar Turai, aka aro ƙirƙirar nan-take daga jaz. Amma abincin waɗannan ƙungiyoyi a kan hanya yake, daga zauren jami'a zuwa manyan filayen Amurka, don haka duk abin da suka gina a ɗaki dole su fito da shi gaban jama'a.

Manazarta sun rabu a kan wanne ne asali. Theodore Gracyk, a littafinsa Rhythm and Noise na 1996, ya kafa hujja cewa a kiɗan rok faifan da aka ɗauka shi ne ainihin aikin fasahar, wasan dandali kuwa yana biye da shi. Masoya da yawa ba su yarda ba. A wurinsu ranar wanka ba a ɓoyon cibi, makaɗin ƙwarai a dandali ake gane shi. Fripp kansa ya sha kwatanta faifan situdiyo da wasiƙar soyayya, wasan dandali kuma da haɗuwar masoya ido da ido. Kunnen Bahaushe zai fi saurin karkata ga wannan ra'ayi na biyu, domin mun taso da makaɗan baka waɗanda waƙarsu ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Wanda ya saurari “Bakandamiya” ta Mamman Shata a ɗauka daban-daban ya san haka. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin magana ne. A furog babu amsa ɗaya da ta game kowa. Sai an bi kowace waƙa an tambayi inda aka haife ta.

Mu fara da “Close to the Edge” ta ƙungiyar Yes, mai tsawon fiye da minti 18, wadda aka ɗauka a 1972 a situdiyon Advision da ke Landan. Ba a taɓa kaɗa ta daga farko zuwa ƙarshe ba kafin a ɗauke ta. Guntu-guntu aka yi ta. Makaɗan su yi gardama a kan abin da zai biyo baya, su ɗauki ɗan yanki, injiniyan sauti Eddy Offord ya kwantar da tef a kan katako, ya sa alama, ya yanka da reza, ya liƙa da wanda ya gabata. Babban ogan da ake ji a tsakiyar waƙar, Rick Wakeman ya kaɗa shi ne a majami'ar St Giles-without-Cripplegate, aka ɗauko sautin aka dasa. Kukan tsuntsaye da ƙarar ruwan da suka buɗe waƙar su ma tef ne. Sai da aikin ya kammala sannan 'yan ƙungiyar suka zauna suka koyi waƙarsu daga faifan da suka yi da hannunsu. A nan Gracyk ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari: rezar Offord tana cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Kafin a fita yawon wasa Bruford, wanda a lokacin shi ne mai gangar Yes, ya bar su ya koma King Crimson. Alan White ya maye gurbinsa, da kwana uku kacal na koyon waƙoƙin, ya hau dandali a Dallas ranar 30 ga Yuli 1972. Abin da aka ɗauka a wannan yawo shi ne mafi yawan kundin Yessongs na 1973, mai faifai uku. Na jera “Close to the Edge” ta situdiyo da ta Yessongs na saurara sau da dama. Ta dandali ta fi sauri, ta fi zafi, hannun White ya fi na Bruford nauyi, amma sararin nan na majami'a ya ɓace, muryoyin da aka jera bisa juna a situdiyo sun yi siriri. A wannan waƙa ta situdiyo ce uwa. Amma a cikin kundin guda akwai “Yours Is No Disgrace”, wadda ta tashi daga ƙasa da minti goma ta haura goma sha huɗu, domin Steve Howe ya sami filin da zai saki jitarsa. Wanda ya ji wannan, in ya koma ta situdiyo sai ya ji kamar an ɗaure doki a turke.

Akwai kuma wani darasi a nan game da amincin faifan dandali. Shekaru da dama ana kukan cewa sautin Yessongs a dushe yake, wasu har suka ɗauka haka Yes take a dandali. Da aka koma kan tef ɗin asali don fitar da Progeny a 2015, wasanni bakwai cikakku daga ƙarshen 1972 a faifai 14, sai aka gano cewa na'urar Dolby ta rage hayaniya ce ba a saita daidai ba. Ke nan abin da aka yi shekara arba'in ana ɗauka shaida ce ta dandali, kuskuren na'ura ne ya rufe shi.

Pink Floyd sun bi hanyar daga ɗaya ƙarshen. The Dark Side of the Moon ya fito a watan Maris 1973, amma tun 20 ga Janairu 1972 suka fara gwada shi a gaban jama'a a Brighton, inda na'ura ta ba su matsala a daidai “Money” har suka katse. Sun yi fiye da shekara suna yawo da shi yana sauya kama. Gurbin da “On the Run” take a yau, da farko jita da fiyano ne ke musayar kiɗa a cikinsa, sai a situdiyon Abbey Road aka watsar da wannan aka sa na'urar EMS mai maimaita amo. Gurbin “The Great Gig in the Sky” kuma ogan ne da muryoyin da aka ɗauka a tef. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wuri mafi kama da ƙirƙirar dandali a duk kundin, a situdiyo ya faru. A watan Janairu 1973 aka kira Clare Torry, aka kunna mata kiɗan, ba a ba ta baiti ko ɗaya ba, ta rera abin da ya zo mata. Fam 30 aka biya ta. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar. Ashe ƙirƙirar nan-take ba gadon dandali ba ce shi kaɗai. Haka kuma taron jama'a ba shi ne sharaɗin kiɗan kai-tsaye ba, tunda a watan Oktoba 1971 ƙungiyar ta yi wasa a tsohon filin Pompeii na Italiya babu taron 'yan kallo, sai ma'aikatan fim ɗin Adrian Maben.

Yanzu sai batun da masoyan dandali ba su cika son a taɓo ba, wato kwaskwarima. A kundin USA na King Crimson da ya fito a 1975, an ɗora gogen Eddie Jobson a situdiyo a wasu wurare a maimakon na Cross, alhali Jobson bai taka wannan dandali ba. Da Genesis suka fitar da wasansu na The Lamb Lies Down on Broadway, wanda aka ɗauka a Los Angeles a Janairun 1975, cikin tarin da ya fito a 1998, mawaƙinsu na lokacin, Peter Gabriel, ya sake rera wasu sassa, domin kayan wasan kwaikwayon da yake sawa sun hana makirfo kai wa bakinsa. Mai sauraro yana jin muryar mutumin da ya haura arba'in bisa kiɗan samari 'yan ashirin da wani abu. Wanda kuma ba a taɓa ba, irin Earthbound na King Crimson na 1972 da aka ɗauka a kaset, sautinsa ya yi muni har kamfanin Atlantic ya ƙi fitar da shi a Amurka.

Ko da ba a yi ɗori ba, faifan dandali ba shi ne wasan ba. Makirfon da ke manne da ganga ba ya jin abin da mutumin layi na ashirin ya ji. Injiniya ne ke yanke yawan tafin da za a bari. Ido kuma ya fita daga lissafi gaba ɗaya: ba a ganin Keith Emerson yana soka wuƙa tsakanin maɓallan ogansa, ba a ganin Gabriel cikin shigar fure. Don haka nake ɗaukar faifan dandali a matsayin abu na uku mai zaman kansa. Auna shi da tambayar ko ya yi daidai da na situdiyo ɓata lokaci ne. Ƙungiyar da ta maimaita faifanta amo da amo ta nuna ƙwarewa, amma ba ta ba mu dalilin sayen faifai na biyu ba.

Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne a nemi abin da ba zai yiwu a ɗaki ba, wato shawarar da makaɗi ya yanke a lokacin da babu damar komawa baya. A wannan dare na Amsterdam an ga misali na biyu. Mellotron na'ura ce mai tef ƙarƙashin kowane maɓalli, kowane amo daƙiƙa takwas ne ya ƙare, ga saurin kaucewa daga saiti in wuta ta yi rawa. Ana cikin “The Night Watch” ta Cross ta lalace, ya koma kan fiyano ya ci gaba. Shi ya sa a kundin 1974 farkon waƙar na Amsterdam ne, sauran kuma a situdiyo aka ƙarasa.

Mai suka zai iya cewa kunne ba ya bambance shirun Bruford da shirun da injiniya ya samar ta hanyar rufe layin ganga. Gaskiya ne, amon ɗaya ne. Amma sauraro ba aikin kunne kaɗai ba ne. Ranar da na san cewa akwai mutum zaune a bayan ganga, sanduna a hannu, zaure cike da jama'a, yana jin kiɗan yana hana kansa shiga, “Trio” ta sauya a kunnena, kowace daƙiƙa ta yi nauyi. Sanin yadda aka yi abu yana cikin jin daɗinsa. Saboda haka nake ganin share tafi a 1974 ba tare da fayyace wa mai saye ba ya rage wa kiɗan daraja, haka ma ɗora murya a faifan dandali a yi shiru. Kwaskwarima ba laifi ba ce in an faɗa. Haƙƙin mai sauraro ne a rubuta masa rana da wuri da abin da aka ƙara daga baya, kuma haƙƙin manazarci ne ya bincika waɗannan kafin ya kafa hujja da kowane faifai.

An fitar da wasan Amsterdam ɗin a 1997 da sunan The Night Watch, da tafinsa da lalacewar na'urarsa. Mai karatu da ke son ya gwada abin da na faɗa, ya fara sauraron “Trio” a kundin 1974, sannan ya neme ta a na 1997, ya saurare ta tare da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta a wannan dare.