Adalci a Matsayin Tushen Jakadanci da Zaman Tare: Waiwaye a Kan Rayuwar Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule (1929–2017)

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun ayyuka uku da marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ya yi wa jama'a: sauraron koke-koken talakawa, wakiltar Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, da kiran Musulmi da Kirista zuwa ga zaman lafiya. Ta auna kowanne da ma'aunin siyasar shari'a kamar yadda malaman fiƙihu da shugabannin jihadin Sakkwato suka shimfiɗa ta. Ta tarar cewa ayyukan uku tushensu ɗaya ne, wato adalci, kuma kiran nasa ya yi tasiri ne a inda ya sami hukumar da ta zartar da shi, ya kuma raunana a inda ya rasa ta.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan waɗanda suka san Ɗan Masanin Kano sun san shi ne da fasahar magana. Idan ya tashi a taro, da Hausa ko da Turanci, sai wuri ya yi tsit. Wannan shahara ta sa an fi tuna yadda yake magana fiye da abin da yake faɗa, an kuma manta da muƙaman da suka koya masa abin da yake faɗar. Ga ɗalibin ilimin addini, rayuwarsa tana da amfani ta wata fuska: mutum ne da ya yi ayyukan da fiƙihu ya tanadar wa babi-babi, wato mazalim da sifara da mu'amala da waɗanda ba Musulmi ba, amma ya yi su a cikin ƙasar da tsarin mulkinta ba na Musulunci ba ne. Wannan shi ne halin da Musulmin Nijeriya yake ciki har yau.

2.0 Tasowarsa da Shigarsa Hidimar Jama'a

An haifi Yusuf Maitama Sule a birnin Kano ranar 1 ga Oktoba, 1929. Mahaifinsa yana cikin barorin gidan Madakin Kano, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba. Ya yi Elementare ta Shahuci, ya yi Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ya koyar a Midil ta Kano, ya kuma riƙe aikin watsa labarai na En'e. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ne ya naɗa shi Ɗan Masani, sunan da ke tuna wa mutum da shahararren malamin Katsina, Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667.

A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a Ikko ƙarƙashin jam'iyyar NPC. A 1959, yana ɗan shekara talatin, ya zama Ministan Ma'adinai da Lantarki, ya riƙe wannan muƙami har zuwa juyin mulkin Janairu 1966. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo a Jihar Kano. Ke nan kafin ya kai shekara hamsin ya ga mulki ta fuska uku: na sarauta, na jam'iyya, da na soja.

3.0 Hukumar Koke-koke da Wilayatul Mazalim

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da Doka ta 31, bisa shawarar kwamitin Udoji. A 1976 aka naɗa Maitama Sule babban kwamishinanta na farko. Masu tsara hukumar sun ɗauko samfurinta ne daga ƙasar Suwidin, inda aka kafa irin wannan ofis tun 1809. Amma ga mutumin da ya tashi a inuwar fadar Kano, wannan aiki ba baƙo ba ne.

Imam al-Mawardi (ya rasu 450H) ya ware babi guda a cikin *al-Ahkamus Sulɗaniyya* a kan wilayatul mazalim, wato ofishin da ke karɓar ƙarar talaka a kan gwamna da mai karɓar haraji da magatakarda, mutanen da alƙali na yau da kullum ba ya iya tanƙwara su. A Kano ɗin kanta, Shehu al-Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) risalar da ta yi ta nanata cewa ɓuyan sarki daga talakawansa shi ne mafarin kowace musiba. A Kano kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta *Diya'ul Hukkam* bisa roƙon mutanen garin, domin masu mulki su san iyakokinsu.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin ofisoshin biyu. Al-Mawardi ya sharɗanta cewa mai duba mazalim ya haɗa natsuwar alƙali da kwarjinin mai mulki, domin hukuncinsa ya zartu a kan mai ƙarfi. Hukumar 1975 kuwa iyakarta bincike da ba da shawara. Ba ta yanke hukunci, ba ta tilasta wa ma'aikata biyan haƙƙi. Abin da ya rage wa shugabanta shi ne mutuncinsa da harshensa. Ɗan fansho da aka riƙe wa kuɗi, ko ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, ya sami mai sauraronsa, amma samun haƙƙinsa ya rataya ne a kan kunyar wanda ake ƙara.

Bai daɗe a wannan kujera ba. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Ya zo na biyu, ya kuma mara wa Alhaji Shehu Shagari baya.

4.0 Jakadanci da Yaƙi da Wariyar Launin Fata

Jakadanci yana da asali mai ƙarfi a cikin Sunna. Manzon Allah (SAW) ya aiki Dihyatul Kalbi zuwa ga Hiraƙla, ya aiki Haɗib bin Abi Balta'a zuwa ga Muƙauƙis, ya aiki Amru bin Umayya ad-Damri zuwa ga Najjashi (Allah Ya yarda da su). Malaman sira sun lura cewa ana zaɓen manzo ne don hankalinsa da fasaharsa da sanin mutanen da zai je wa. A ƙasar Hausa ma, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ne ya karɓi baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wato Bature Kilafaton, a Sakkwato a 1824.

Maitama Sule ya fara wannan aiki tun kafin samun 'yanci. Shi ya jagoranci tawagar Nijeriya zuwa taron ƙasashen Afirka masu 'yanci a Adis Ababa a 1960, 'yan watanni bayan kisan gillar Shafbil na 21 ga Maris, inda 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe baƙaƙen fata masu zanga-zanga. Daga 1981 zuwa 1983 ya zama wakilin Nijeriya na dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shugaban kwamitinta na musamman mai yaƙi da wariyar launin fata.

Lokaci ne mai wuya ga wannan kwamiti. Gwamnatin Regan a Amurka da ta Taca a Ingila suna adawa da takunkumin tattalin arziki, kuma suna da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Shi ma wannan kwamiti ba shi da ikon tilastawa. Makaminsa shi ne ra'ayin jama'ar duniya: tarurruka, da jerin sunayen 'yan wasa da mawaƙan da suka karya ƙaurace wa Afirka ta Kudu, da ayyana 1982 a matsayin shekarar gangamin neman takunkumi. Wannan matsin lamba, tare da gwagwarmayar mutanen ƙasar da kansu, ya kai ga Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar takunkumi a 1986 duk da ƙin amincewar shugabanta. An saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990, aka yi zaɓen gama-gari a 1994.

Abin lura ga mai nazarin addini shi ne yadda sahu ya kasance a wannan gwagwarmaya. Cocin da masu mulkin wariya ke bi ya nema wa tsarin hujja daga littafinsa, amma Kiristoci irin su Bishof Desmond Tutu suka tsaya a gaba wajen rushe shi, kuma a 1982 ƙungiyar duniya ta majami'un wannan ɗariƙa ta ayyana wariya a matsayin ɓata. A ɓangaren Musulmi, Imam Abdullahi Harun na birnin Kef ya rasu a hannun 'yan sanda a 1969. Layin da ya raba mutane a can shi ne na azzalumi da wanda aka zalunta. Musulmin Kano da ya jagoranci kwamitin yana kare haƙƙin mutanen da galibinsu Kiristoci ne, kuma wannan ya yi daidai da ruhin Hilful Fudul, ƙawancen taimakon wanda aka zalunta da Manzon Allah (SAW) ya halarta a Makka kafin aike, ya kuma yabe shi bayan aike.

5.0 Kiran Zaman Tare

A ƙarshen 1983 Shagari ya naɗa shi ministan sabuwar ma'aikatar gyaran tarbiyyar ƙasa. Ma'aikatar ba ta wuce 'yan watanni ba, sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba. Daga nan ya shafe fiye da shekara talatin ba ya riƙe da muƙamin gwamnati, sai dai ya zama dattijon da masu mulki ke neman shawararsa, ƙungiyoyi ke gayyatarsa, ko bayan da idanunsa suka daina gani.

Shekarun sun zo daidai da taɓarɓarewar zaman tare a Arewa: Kafanchan a 1987, Kano a 1991, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. Hanyarsa a wannan fage ba muhawarar aƙida ba ce. Yakan koma ga tarihin da ya gani da idonsa, ya tuna wa mutane cewa gwamnatin Sardauna ta ɗauki Kiristoci irin su Michael Audu Buba da Sunday Awoniyi ta ba su amana, kuma likitan Sardauna, Ishaya Audu, Kirista ne. Yakan kuma yawaita kawo ma'anar nan da ke cikin rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Ibn Taimiyya, cewa adalci kan tsayar da daula ko mai ita ba Musulmi ba ne, zalunci kuwa kan rushe ta ko a hannun wa take. Da ya jagoranci dattawan Arewa zuwa wurin zaɓaɓɓen shugaba Muhammadu Buhari bayan zaɓen 2015, saƙonsa bai wuce wannan ba: a yi wa kowa adalci ba tare da duba addini ko ƙabila ko jam'iyya ba.

Akwai malaman da ke ɗari-ɗari da duk wani kira na kusantar mabiya addinai, don tsoron kada ya kai ga daidaita gaskiya da ɓata. Tsoron yana da muhallinsa. Amma Imam al-Ƙarafi (ya rasu 684H) ya riga ya warware wannan a cikin *al-Furuƙ*, inda ya bambance tsakanin kyautata wa waɗanda ba Musulmi ba, wanda aka yi umarni da shi, da jiɓintarsu a kan addininsu, wanda aka hana. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba, aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayya ta zama dalilin barin adalci. Kiran Ɗan Masani ya tsaya ne a cikin wannan da'ira ta haƙƙin maƙwabtaka da amanar mulki.

6.0 Iyakar Fasahar Baki da Darasi ga Ƙasar Ruma

Adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi cewa kiran nasa a cikin gida bai haifar da abin da ya haifar a waje ba. An yi ta tafa masa, rikice-rikicen kuma ba su tsaya ba. An kafa kwamitocin bincike bayan yawancinsu, amma da wuya a ga an hukunta masu laifi ko an biya waɗanda aka cuta. Raunin da ke cikin dokar 1975 shi ne ya bazu a ƙasa baki ɗaya: akwai mai sauraro, babu mai zartarwa.

Idan dalilin ɓarkewar rikici shi ne rashin adalci, to ya kamata a ga irinsa ko a inda babu saɓanin addini. Ƙasar Ruma, wato yankin Batsari da Safana a bakin dajin Rugu, ta tabbatar da haka. Manomi da makiyayi a can alƙiblarsu ɗaya. Amma ƙorafe-ƙorafe a kan burtali da ɓarnar gona da satar shanu da ɗaukar doka a hannu sun daɗe suna taruwa ba tare da wurin kai kuka da ɓangarorin biyu suka amince da shi ba, har masu laifi suka sami ƙofar shiga. Wannan ba uzuri ba ne ga mai zubar da jini, domin hukuncin hiraba a bayyane yake. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla da 'yan bindiga a 2019 ya rushe a 2020. Sulhu a shari'a yana tafiya ne tare da mayar da haƙƙi da ikon hukunta wanda ya warware alkawari, kamar yadda aya ta 9 a Suratul Hujurat ta tsara.

7.0 Kammalawa

Alhaji Yusuf Maitama Sule ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli, 2017, aka yi jana'izarsa a Kano. Ya nuna cewa Musulmi zai iya tsayawa ga haƙƙin wanda ba addininsu ɗaya ba, yana mai dogaro da nassoshin addininsa. Abin da ya bari ga malamai da ɗalibai shi ne rabin aikin da harshe ba ya iya yi shi kaɗai: a farfaɗo da fiƙihun mazalim, a yi nazarin yadda masarautu da kotunan shari'a da hukumomin sulhu za su zama wurin da manomin Batsari da makiyayin Rugu da Kiristan Sabon Gari za su kai kuka su kuma ga sakamako. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba shugabanni ikon yin adalci.