Tarihin Ma'ajiyar Tarayya a Cikin Kwamfuta

Tun a 1965 Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanan da ake yawan nema a wata 'yar ma'ajiya mai sauri, domin kada kullum a koma babban rumbu.

Da intanet ta bunƙasa sai matsalar ta sake kama. Manhajoji da dama kan zauna cikin kwamfuta guda, kowace da tata ma'ajiyar, ba ta ganin ta 'yar'uwarta. In wannan ta gyara bayani, waccan tana riƙe da tsohon, har mutum biyu su yi tambaya ɗaya su sami amsa biyu. A 2003 Brad Fitzpatrick, a Amurka, ya rubuta Memcached domin shafinsa LiveJournal. Dabarar ita ce a fitar da ma'ajiyar daga cikin manhajojin ta tsaya da kanta, kowace ta je da mabuɗi ta karɓi ajiya. In wuri ya cika, a zubar da abin da ya fi daɗewa ba a nema ba. Redis ya biyo baya daga Italiya a 2009.

Sai dai an gina Memcached bisa amana, watau ba ya tambayar mai ƙwanƙwasawa ko shi wane ne. Wasu suka bar ƙofarsa, mai lamba 11211, a buɗe ga duniya, wanda a ganina sakacin masu gida ne, ba laifin magini ba. Da injinansu aka yi wa GitHub ambaliyar saƙonni a Fabrairun 2018, terabit 1.35 kowace daƙiƙa, har ya durƙushe na 'yan mintoci.