Na'urar Auna Hanzari: Yadda Ake Gane Ainihin Ƙarfin Mota

Na'urar auna hanzari, wadda injiniyoyi ke kira akselaromita, ƙaramar na'ura ce da ke auna yadda gudun abin hawa ke ƙaruwa ko raguwa a kowace daƙiƙa. Akwai irinta a yawancin wayoyin zamani. A motoci kuwa, ita ce ke gane an yi karo, sai jakar iska ta buɗe ta kare direba.

Na'urar ba ta auna ƙarfin inji kai tsaye, lissafi ne ke fito da shi. Ana ninka nauyin mota da hanzarinta, a sake ninkawa da gudunta. Misali, motar da nauyinta ya kai kilo 1,200, tana gudun kilomita 72 a awa, gudun kuma yana ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, tana amfani da kilowat 48 wajen ƙara gudu. Wannan ya kai ƙarfin doki 64, domin doki ɗaya wat 746 ne. Ƙarfin da turjiyar iska da gogayyar taya ke cinyewa daban ake lissafa shi.

Batun ya shafi Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas na fetur zuwa masu lantarki, kuma a Disamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya na gwamnatin Borno masu amfani da lantarki da iskar gas. Da wannan awo ake iya kwatanta yadda motar lantarki da ta fetur ke jan fasinjoji.

Sai dai awon na da sharuɗɗa. Dole a san ainihin nauyin mota da kayan cikinta, a kafe na'urar ta yadda ba za ta motsa ba. Gangara na ruɗar na'urar, shi ya sa ake gwaji sau biyu, tafiya da dawowa, a hanya ɗaya da babu jama'a. Zafi ma na da tasiri: a watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, iska ta yi sauƙi, injin fetur ya rage ƙarfi. Don haka ba a gwama awon sanyin asuba da na tsakar rana.