Daga Ina Sunan Bakan Gizo Ya Fito?

Jama'ar Arewa, kowa ya san bakan gizo. Da damina muna ganinsa bisa tsaunin Dogon Dutsi, ko can bayan gonakin Tibiri. Amma sunan fa, ina asalinsa?

Kalmomi biyu ne. Baka shi ne makamin maharbi da mayaƙi. Da baka da kibiya mai dafi mutanen Sarauniya suka tari sojan Voulet a Lugu cikin watan Afrilu na 1899. Gizo kuwa shi ne mai wayon nan na tatsuniya, mijin Ƙoƙi. Kakanni sun ga abu lanƙwashe a sama, ya bayyana, ya ɓace ba sallama, sai suka ce na Gizo ne.

Ba mu kaɗai muka ga baka a wurin ba. Turawan Ingila suna ce masa renbo, wato bakan ruwan sama. Kalmar ta fi shekara 1000 a bakinsu, da can renboga suke cewa. A Faransanci ma'anar sunansa baka cikin sama. Larabawa suna ce masa bakan Ƙuzahu. Ƙuzahu abin bauta ne kafin Musulunci, kuma akwai dutse mai wannan suna a Muzdalifa, alhazai sun san wurin.

Akwai wani suna da ya fi damun manomi: masha-ruwa. A wurin Azna da ƴan bori, iska ne mai siffar maciji, sunansa Gajimare, yana zama cikin hadari da rijiyoyi. Wani Bature, Tremearne, ya rubuta haka a littafinsa na bori a 1914. Yau in an ce gajimare, girgije kawai ake nufi. Tsoron ne bai gushe ba: hatsi na jin ƙishi, hadari ya haɗu, bakan gizo ya fito, sai gaban mai gona ya faɗi. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba a yi masa dariya kan wannan.

To, amma ba ya shan ruwa. Wajen shekara ta 1300 wani malamin Farisa, Kamaluddin al-Farisi, ya cika ƙwallon gilas da ruwa, ya bar hasken rana ya ratsa shi. Ya ga hasken ya shiga, ya karye, ya fito launi-launi. Haka kowane ɗigon ruwan sama ke yi. In babu ruwa, babu bakan gizo.

Ku lura, kullum rana tana bayan mai kallonsa. Hadarin ƙasarmu kuwa galibi daga gabas yake tasowa. In kun gan shi da safe a yamma, ruwan ya riga ya wuce. In da marece ne a gabas, wajen Birnin Ƙonni, ruwa na zuba can, kuma yana iya isowa. A kwashe shanya, a shigar da awaki.