Gidan Yarima Gong: Daga Hannun Bafade Zuwa Hannun Jama'a

A unguwar Shichahai ta birnin Beijing, cikin lungunan da ke dab da tafki, akwai wani gida mai faɗin kusan murabba'in mita 60,000. A yau gidan tarihi ne, ana shiga da tikiti. Wanda ya gina shi kuwa bai gina shi don jama'a ba.

Heshen ke nan, ɗan gaban goshin Sarki Qianlong na daular Qing, wanda ya kafa gidan wajen shekarar 1777. Ya tara dukiyar da ta wuce misali, har ɗansa ya auri 'yar sarki. Qianlong na rasuwa a 1799, magajinsa Sarki Jiaqing ya karanto masa laifuka 20, ya aike masa da farin siliki ya rataye kansa. Cikin laifukan har da ɗakin da ya ƙawata da katakon nanmu, yana kwaikwayon ginin fada. Ɗakin na nan har gobe, kuma duk wanda ya tsaya cikinsa zai gane abin da ya fusata sarki.

Gidan ya koma hannun Yarima Yonglin, sannan a farkon shekarun 1850 Sarki Xianfeng ya ba ƙaninsa Yixin, wato Yarima Gong, wanda gidan ke amsa sunansa. Shi ne ya sa hannu a yarjejeniyar Beijing da Ingila da Faransa a 1860, ya kuma jagoranci ofishin harkokin waje da aka kafa a 1861. Lambun da ke bayan gidan shi ya fi jan ido: duwatsun da aka jera, ƙofa irin ta Turawa, zauren wasan kwaikwayo, da siffar jemage ko'ina, domin a Sinanci sunan jemage da kalmar albarka duk "fu" ake furta su. Can cikin wani kogo akwai dutse ɗauke da wannan kalma da rubutun Sarki Kangxi. Nan ne layi ya fi tsawo.

Da daular ta faɗi a 1912, arziki ya janye jiki. Jikan yariman, Puwei, ya jinginar da gidan ga cocin Katolika, daga baya Jami'ar Fu Jen ta mallake shi. Bayan 1949 aka yi masa rabon gado: makarantun kiɗa da zane, ofisoshi, iyalai masu yawa, har da masana'anta.

A ganina, nan ne ainihin tarihin kafuwar gidan tarihin. Gyaran bango abu ne mai sauƙi; fitar da mazauna da sama musu matsuguni shi ne jan aiki, kuma ya ci shekaru kusan talatin. A 1982 gwamnati ta sa gidan cikin wuraren tarihi da ƙasa ke karewa. Lambun aka fara buɗewa a 1988, amma sai watan Agustan 2008, lokacin wasannin Olamfik, aka buɗe gidan baki ɗaya.

Idan Allah ya kai ka Beijing, ka yi sammako kafin cunkoso, ka fara da ɗakin nanmu kafin ka shiga lambu.