2.3 Tarihin Koyar da Zane a Ɗakin Aiki: Daga Zariya zuwa Wudil

Koyar da zane a manyan makarantun Arewacin Nijeriya ya samo tushe ne daga Zariya. A shekarar 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa can. Tsarin karatun shi ne ɗalibi ya yi aiki da hannunsa a ɗakin zane, malami yana dubawa yana gyarawa, tamkar yadda maƙeri kan koya wa yaronsa ƙira.

A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya domin neman a haɗa dabarun Turawa da al'adun gida, maimakon kwaikwayo tsagwaronsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta gaji wannan sashe a 1962.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, ta bi wannan tsari wajen koyar da zanen gine-gine. Shigowar kwamfuta ta sauya kayan aiki, amma matsalar 1958 tana nan: ɗalibin da ya fito daga Lajawa zai kwafo siffofin intanet ne, ko zai zana abin da ya dace da garinsu?