Tarihin Koyar da Na'ura Gani da Ƙagaggun Hotuna

Gabatarwa

Na'ura ba ta gane abin da ke cikin hoto sai an nuna mata misalai masu yawan gaske, kowanne tare da amsarsa: wannan mota ce, wancan mutum ne, nan ne bakin titi. Tara irin waɗannan misalai aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, domin bayan an ɗauki hoto sai an sami wanda zai zauna ya yi wa kowane abu da ke cikinsa alama. Wannan ne ya sa tun cikin shekarun 1980 wasu masana suka ɗauki wata hanya, wato su sa kwamfuta ta zana hotunan da kanta, sannan a koyar da na'ura da su. Irin waɗannan ake kira ƙagaggun hotuna. Fa'idarsu ita ce duk hoton da kwamfuta ta zana yakan zo da amsarsa a haɗe, tunda ita ce ta ajiye kowane abu a muhallinsa. Rauninsu kuwa shi ne babu abin da zai bayyana a cikinsu face abin da mai tsara su ya sani, kuma ya tuna ya saka. Tarihin wannan fanni kusan dukkansa kokawa ce tsakanin wannan fa'ida da wancan rauni.

Zane da gani

A shekarar 1963, Lawrence Roberts ya gabatar da kundin digirinsa na uku a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, inda ya nuna yadda kwamfuta za ta iya gano siffar tubala masu kusurwoyi daga hotonsu. Shekaru uku bayan haka, Seymour Papert na wannan cibiya ya tsara wani aiki da aka yi zaton ɗalibai za su ci ƙarfinsa a hutun bazara guda, wato gina na'urar da za ta rarrabe abubuwan da ke gabanta. Hutun ya ƙare, matsalar kuwa ta ci gaba da wahalar da masana har tsawon shekaru masu yawa.

A daidai wannan zamani wani fanni yana tasowa, shi ne zane da kwamfuta. Fannonin biyu tamkar tafiya ce da dawowa a kan hanya ɗaya. Mai zane yakan fara da siffar abu da haske, ya ƙare da hoto. Mai nazarin gani kuwa yakan fara da hoto, ya nemo siffar abin da ya haifar da shi. A 1980 Turner Whitted ya wallafa dabarar bin sawun haske daga idon mai kallo zuwa abubuwan da ke fili, wadda ta ba da damar zana inuwa da ƙyallin madubi da gilashi. A 1986 James Kajiya ya tattara yadda haske ke yawo tsakanin abubuwa cikin lissafi guda.

Tsakanin waɗannan biyu, a 1984, masu bincike a Jami'ar Cornell suka yi wani abu da ya zama ƙa'ida daga baya. Sun gina akwati na zahiri mai bangaye masu launi daban-daban, suka zana irinsa da kwamfuta, sannan suka gwama biyun. Abin da suka kafa shi ne cewa kyan zane bai isa hujja ba, sai an auna shi da abin da ido ko kyamara ta gani.

Motar da ta koyi tuƙi a kan zanen hanya

Fitaccen misali na farko na koyar da na'ura da ƙagaggun hotuna ya fito ne daga Jami'ar Carnegie Mellon a birnin Pittsburgh. A can Dean Pomerleau ya gina wani tsari mai suna ALVINN, wanda ya bayyana a ƙarshen shekarun 1980. Tsarin sarƙa ce ta lissafi da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Yana karɓar ɗan ƙaramin hoto mai ɗigo 30 a tsaye da 32 a kwance, ya faɗi inda ya kamata a karkata sitiyari.

Da yake tara hotunan hanyoyi iri-iri yana da wuya a lokacin, sai Pomerleau ya rubuta manhajar da ta zana hotunan hanya 1,200, masu bambancin lanƙwasa da haske. Da su aka koyar da tsarin, kuma ya tuƙa motar gwaji ta Navlab a kan wata hanya mai tsawon mita 400 a harabar jami'ar, cikin saurin rabin mita a daƙiƙa. Tafiyar hawainiya ce, amma ta tabbatar da cewa abin da aka koya daga zane yana iya aiki a zahiri.

Ba a daɗe ba rauni ya bayyana. Hanyoyin duniya sun fi ƙarfin abin da manhajar za ta iya zanawa, don haka aka koma koyar da tsarin ta hanyar kallon direba yana tuƙi. Nan ma sai wata matsala ta ɓullo: ƙwararren direba ba ya kauce wa hanya, saboda haka na'urar ba ta taɓa ganin yadda ake dawowa bayan an kauce ba. Maganin da aka samo shi ne a riƙa gusar da kowane hoto na gaskiya hagu da dama, a juya shi kaɗan, domin a samar da yanayin motar da ta karkace, tare da amsar da ta dace. Tun daga nan aka gane cewa ƙagaggen hoto ya fi amfani wajen cike gurbin abin da ba kasafai yake faruwa ba, ko wanda gwada shi a zahiri yake da haɗari.

Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa

A watan Nuwamba na 2010 kamfanin Microsoft ya fitar da na'urar Kinect, wadda ke bin motsin jikin mai wasa ba tare da ya riƙe komai ba. Jamie Shotton da abokan aikinsa sun bayyana sirrinta a 2011. Sun naɗi motsin mutane na gaskiya, suka ɗora shi a kan jikkunan da kwamfuta ta ƙera, masu bambancin tsawo da ƙiba da sutura da gashi. An raba jiki zuwa sassa 31, kuma kowane ɗigo na hoton da aka zana ya zo da sunan sashen da yake ciki. Koyar da tsarin da hotuna kimanin miliyan ɗaya ya ɗauki kusan yini guda a kan tarin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa 1,000. Wani abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kyamarar Kinect nisan abu take aunawa, kuma zana nisa ya fi zana launi da haske sauƙin dacewa da zahiri.

A 2012 tsarin AlexNet na Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton ya lashe gasar ImageNet da rata mai faɗi, inda kuskurensa ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, na biye da shi kuma ya haura kashi 26. Daga nan ƙishirwar hotuna masu alama ta ƙaru ainun. Kundin Cityscapes, wanda ya ƙunshi hotunan tituna daga birane 50, akasarinsu na Jamus, ya buƙaci fiye da awa ɗaya da rabi wajen yi wa hoto guda cikakkiyar alama. A 2016 Stephan Richter da abokan aikinsa suka nuna wata dabara: sun ciro hotuna kusan 25,000 daga wasan kwamfuta na Grand Theft Auto V, suka yi musu alama cikin awa 49 kacal, wato kimanin daƙiƙa bakwai ga kowane hoto. A shekarar ce kuma aka fitar da kundin SYNTHIA a Basalona ta ƙasar Sifen, sannan a 2017 aka saki CARLA, wani birnin kwaikwayo da kowa zai iya gwada tsarin tuƙi a cikinsa kyauta.

Tazarar zane da zahiri

Hausawa kan ce kama da wane ba wane ba ce. Tsarin da ya ƙware a kan zane yakan yi tuntuɓe idan ya haɗu da ƙura a gilashin kyamara, ko hasken rana mai kashe ido, ko fentin titi da ya koɗe. Tun 1995 masu binciken mutum-mutumi a Jami'ar Sussex ta Ingila suka ja hankali kan wannan tazara. Hanyoyi biyu aka bi wajen rage ta. Ta farko ita ce a ƙara wa zane kama da gaskiya. Ta biyu kuwa, wadda Josh Tobin da abokan aikinsa na OpenAI suka yaɗa a 2017, ta bi akasin haka: a riƙa sauya launi da haske da mazaunin kyamara barkatai a kowane hoto, har na'urar ta daina dogara da su, ta riƙe siffar abin kawai. Idan ta ga dubban duniyoyi mabambanta, sai ta ɗauki ta gaskiya a matsayin ɗaya daga cikinsu. Da wannan dabara suka sa na'ura ta gano mazaunin abu a kan tebur da kuskuren da bai wuce kimanin santimita ɗaya da rabi ba, alhali ba a koyar da ita da hoton gaskiya ko ɗaya ba.

Kwaikwayo domin tsara na'ura

Bayan koyarwa, kwaikwayo yana da wani aiki, shi ne gwada na'urar gani tun kafin a ƙera ta. A masana'anta, kyamarar da ke duba kaya a kan bel tana dogara da abubuwa huɗu: fitilar da ke haskawa, fatar abin da ake dubawa, gilashin da ke tattara haske, da farantin da ke mayar da haske lambobi. Kuskure a ɗayansu yakan ɓoye tsaga ko tabon da ake nema. Idan aka kwaikwayi dukkansu a kwamfuta, injiniya zai iya sauya kusurwar fitila ko nau'in gilashi sau ɗari kafin ya sayi komai. Ƙa'idar EMVA 1288, wadda ƙungiyar masu sana'ar ganin na'ura ta Turai ta fara fitarwa a 2005, ta taimaka a nan, domin ta daidaita yadda ake auna ƙarfin kyamara da hayaniyar da ke gurɓata hotonta.

Inda wannan ya fi zama tilas shi ne sararin samaniya, wurin da ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar Dundee ta Sikotilan ta gina manhajar PANGU domin hukumar sararin samaniya ta Turai, wadda ke zana fuskar wata da ta sauran duniyoyi don gwada kyamarorin sauka. Haka nan lokacin da motar bincike ta Perseverance ta sauka a duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairu, 2021, ta gwama hotunan da take ɗauka da taswirar da ke cikinta domin kauce wa wurare masu haɗari. An gwada wannan tsari ta hanyar kwaikwayo, aka kuma ɗora shi a jirgi mai saukar ungulu a hamadar Kalifoniya, domin a tabbatar da cewa zane bai yi ƙarya ba.

Duniyar wa ake zanawa?

A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru suka auna wasu manhajoji uku na kasuwa da ke tantance jinsi daga fuska. Kuskuren ya kai kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, alhali bai wuce kashi 0.8 ba a kan maza masu hasken fata. Ana ganin ƙagaggun hotuna za su iya rage irin wannan giɓi, tunda mai tsarawa yana da ikon daidaita yawan kowane rukuni. A 2021 Microsoft ya fitar da kundin ƙagaggun fuskoki 100,000 domin bincike. Sai dai kowace ƙagaggiyar fuska daga samfurin mutanen da aka auna take fitowa, kamar yadda birnin wasan Grand Theft Auto V ya ɗauko kamanninsa daga Los Angeles. Na'urar da ta koyi tuƙi a irin wannan birni ba ta san amalanke ko garken shanu a kan titi ba, balle hazon hunturu.

Rubutu ma haka yake. A 2014 masu bincike a Jami'ar Oxford sun koyar da na'ura karanta kalmomin Ingilishi da ƙagaggun hotuna miliyan tara. Dabarar tana da sauƙin ɗauka ga kowane harshe mai haruffan ɗab'i, amma idan ba a saka ƙ da ɗ da ɓ a cikin abin da aka zana ba, na'urar ba za ta bambance ƙafa da kafa ba. Ajamin hannu kuwa ya fi wuya, domin kowane marubuci da irin hannunsa.

Kammalawa

Daga hotuna 1,200 na ALVINN zuwa miliyoyin da ake zanawa a yau, yawa da kyau sun ƙaru matuƙa, amma sharaɗin akwatin Cornell yana nan: abin da aka koya daga zane sai an gwada shi a kan hotunan gaskiya na wurin da zai yi aiki. Saboda haka al'ummar da ba ta tara hotunan titunanta da fuskokinta da rubutunta ba, ba ta da ma'aunin da za ta tantance na'urar da aka kawo mata.